Matar da Ke Tambayar "Agogon Wa?"

Duk wanda ya saba sauka tashar jiragen ruwanmu ta Keeping's Cove da sassafe ya san abin da zan faɗa. Kafin mu gama zura takalman roba, fitilar ofishin ƙungiyar masunta ta riga ta kama. Dulcie Thornhill ce a ciki. Za ta rataye rigar ruwanta a ƙusar bayan ƙofa, ta ɗora butar shayi, sannan ta tsaya gaban bango ta dubi agogonta guda biyu. Ɗaya namu ne, wanda muke tashi da shi muke kwanciya da shi. Ɗayan kuwa agogon duniya ne, wanda injuna ke bi, ba ruwansa da bazara ko hunturu, ba ruwansa da tsibirinmu. Sai ta ga kowanne yana tafiya daidai kafin ta ja kujera ta kunna kwamfuta.

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan haka take yi. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, shi ya sa na ce bari in rubuta wannan tun tana nan da ranta, in na yi ƙarya ta tare ni a hanya ta ƙaryata ni. Ni ba na son yabon da ake ajiyewa sai mutum ya shiga rami.

Aikin nata in ka ji shi a baki sai ka raina. Kowane jirgi a ƙungiyarmu yana ɗauke da wani ɗan baƙin akwati da muke kira ɗan gulma, saboda duk inda ka nufa sai ya kai rahotonka ofis. To shi ɗan gulma ba ya cewa Talata ƙarfe tara na safe kamar yadda ɗan Adam zai faɗa. Wata doguwar lamba yake aikowa, ka ce lambar wayar wani ce. Haka injin ɗakin sanyi inda muke ajiye ƙaguwa, haka sikelin awon kifi, dukansu bakinsu ɗaya. Dulcie ce ke karɓar lambar nan ta juya ta ta zama rana da wata da awa, abin da mutum zai ji ya gane. In masu sayen kayanmu suka ce ƙaguwa ta kwana a zafi, ita ce za ta nuna lokacin da injin sanyi ya tsaya da lokacin da ya tashi. In ma'aikatan gwamnati suka ce wane ya jefa koma kafin a buɗe kamu, ita ce za ta fito da ranar. Wani lokaci gaskiyar ta faɗo a kanmu, wani lokaci a kansu. Ba ta taɓa lanƙwasa ta don wani ba, har da ƙanin mijinta, wanda ya yi wata guda yana gaishe ta da hanci.

Na taɓa tambayarta me lambar take nufi.

"Daƙiƙoƙi ne, Hedley," in ji ta. "Tun ranar farko ta shekarar 1970 injin yake ƙirga su ɗaya bayan ɗaya."

"Bai taɓa hutawa ba?"

"Ko sau ɗaya."

"To wa ya aike shi?"

"Je ka tambayi wanda ya ƙera shi. Ni tafinta ce kawai."

Na ce ashe akwai wanda ya fi ƙanena rashin abin yi. Ta ce a'a, shi injin aƙalla yana gama abin da ya fara.

Ba da kwamfuta aka haife ta ba. A masana'antar kifi ta taso, tana feɗe kifin teku da ake kira kod a tsaye tun safe har hannu ya mutu don sanyi. Shekarar da gwamnati ta rufe kamun kod aka kulle masana'antar, aka kwashe mu aka kai mu ajin koyon sana'a a gari. Da yawanmu dumamar ɗakin muka je sha. Dulcie kuwa kujerar gaba ta kama, ta riƙa damun malamin da tambaya har ya fara ɓuya in ya hango ta. Da ƙungiya ta sayo 'yan gulma, muka duba gabas muka duba yamma, ba wanda ya iya yarensu sai ita.

Ƙa'idarta biyu ce, kowa a garin nan ya haddace su don dole. Ta farko, ba ta karɓar lokaci tsirara. Ka ce mata ƙarfe huɗu, sai ta ce, "Agogon wa?" Yara har kwaikwayonta suke yi a bayan coci. Ta biyu, duk lokacin da ta fitar daga lamba, sai ta gwada shi da abin da mutane suka sani. Takan ce lamba ba ta ƙarya, amma ba ta san garinmu ba.

Myrtle Snook shaida ce. Bayan rasuwar mijinta ta tsinci wani hoto a tsohuwar wayarsa. Hotonta ne, an ɗauke ta ta baya tana shanya a igiya, iska ta cika zannuwan gado. Ba ta san an ɗauka ba, kuma babu abin da ke jikin hoton sai doguwar lambar nan. Ta kawo wa Dulcie. Dulcie ta buga, ta rage abin ragewa, ta faɗa mata shekarar da watan, ta ce safiyar Litinin ce. Myrtle ta shiga lissafi da yatsu. Can sai ta bushe da dariya, hawaye na bin kumatunta.

"Tsohon munafuki," ta ce. "A makon nan fa gaba yake yi da ni. Ko gishiri ba ya cewa in miƙo masa."

Dulcie ta zuba mata shayi. Wannan kaɗai ne laifin da zan ɗora mata a ranar, domin shayin Dulcie, in gaskiya za a faɗa, ya fi kama da ruwan wanke tukunya. Kowa ya sani, kowa yana sha.

Amma abin da ya sa na ɗauki biro shi ne ranar Kawu Ambrose Fudge.

Kun san halinmu da rabin awa. Tun muna yara rediyo ke cewa labarai ƙarfe shida, shida da rabi a Newfoundland, wato tsibirinmu, don agogonmu yana gaban na maƙwabtanmu da rabin awa. Wasan ƙwallo haka, jirgin sama haka. Duk lokacin da ya zo mana daga waje, kafin ƙwaƙwalwa ta yi tunani baki ya riga ya ƙara masa rabin awa. Sau dubu muna yi muna dacewa. To ku riƙe wannan.

Asabar ce a watan Agusta, lokacin da ake barin kowa ya fita ya kamo kod na ci. Kawu Ambrose, da shekarunsa saba'in da wani abu, ya fita shi kaɗai a ƙaramin jirginsa kamar yadda ya saba, ba ya jin maganar kowa. Da hantsi hazon teku ya sauko, irin wanda in ka miƙa hannu ba ka ganin farcenka. Wajen ƙarfe uku na yamma sai ga matarsa, Anti Effie, ta gangaro tasha da rigar girki a jikinta. Ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, "Ambrose bai dawo ba."

Ofis a kulle yake ran Asabar, Dulcie kuma ta tafi fadamar bayan tudu tsinkar 'ya'yan daji, inda waya ba ta kamawa. Amma Eldred Piercey, shugaban ƙungiyarmu, yana da mabuɗi. Eldred mutum ne da ya san ruwan nan kamar tafin hannunsa, sai dai in ya yi magana ba ya son a maimaita masa. Muka cika ofis. Ya kunna kwamfuta, muka ga saƙon ƙarshe da ɗan gulman Ambrose ya aiko: wurin dab da Baƙin Dutse ne, cikin mashigin ruwanmu, ga kuma doguwar lamba a gefe. Daga nan shiru.

Eldred ya kwafe lambar a wayarsa, ya sa ta a wani shafi da ke juya irinta. Waya ta nuna ɗaya da rabi na rana.

"Ɗaya da rabi," ya ce. "Wato ƙarfe biyu ke nan a wajenmu. Awa guda kacal. Yana nan kusa da dutsen, bai je ko'ina ba. Ku kwance igiya."

Kowa a zuciyarsa ya riga ya ƙara rabin awar tare da shi. Aka kira masu ceto na gwamnati. Suka ce jirginsu ya taso amma yana da nisa, mai saukar ungulu kuma ba zai iya tashi cikin hazon nan ba. Ya rage namu ke nan, mu da hasken rana da ya saura.

Muna fitowa muka yi kiciɓis da Dulcie a bakin ƙofa. Hazon ne ya koro ta daga fadama. Bokiti a hannu, laka har gwiwa.

"Wa ya buɗe mini ofis?"

"Ambrose ne bai dawo ba," in ji Eldred. "Mun riga mun duba. Saƙonsa na ƙarshe ƙarfe biyu. Matsa mu wuce."

Ba ta matsa ba. "Agogon wa?"

"Haba Dulcie! Yanzu ne lokacin wannan? Mutum yana kan ruwa!"

"Don yana kan ruwa nake tambaya. Ba ni wayar."

Ya miƙa mata yana huci. Ta ɗaga gilashinta ta duba, ta nuna masa wasu ƙananan haruffa a ƙarƙashin lokacin, waɗanda babu wanda ya kula da su a cikinmu. Sannan ta juya ta nuna agogo na biyu a bango.

"Ɗaya da rabin nan na wancan ne, ba na maƙwabtanmu ba. Shi kuwa a wannan watan yana gabanmu da awa biyu da rabi. Ba ƙari ake yi ba, Eldred, ragi ake yi. Sha ɗaya na safe ɗan gulmansa ya mutu. Awa huɗu ke nan ruwa ke tafiya da shi."

"Ke, tun ina ɗan guntun wando nake ƙara rabin awa, ban taɓa rasa labarai ba."

"Na sani. Benci ɗaya muka zauna a makaranta, ina gani kana ƙarawa har a inda aka ce a raba."

Wani ya so ya yi dariya ya haɗiye. Sabo turken wawa ne, amma kada ku ɗauka Eldred wauta ce ta tsayar da shi. Abin da yake tsoro gaskiya ne. In Ambrose yana kusa da Baƙin Dutse muka bar shi muka nufi waje, igiyar ruwa za ta maka jirginsa a dutsen kafin mu juyo. In kuma ya yi waje muka tsaya lalube a ciki, duhu zai same shi a buɗaɗɗen teku da 'yar rigarsa, kuma ruwanmu ko a Agusta ba ya wasa da tsoho. Hasken da ya rage ba zai ishe mu neman wuri biyu ba.

"In kin yi kuskure fa?" ya ce, muryarsa ta sauka.

A nan ne ta yi abin da ba zan manta ba. Ba ta nufi kwamfuta ba. Ta waiwaya wajen tsohuwar da ke tsaye a lungu tana murza gefen rigarta.

"Anti Effie, me kika dafa yau?"

Tsohuwa ta dube ta kamar ta zare. "Yau fa Asabar ce, 'yar nan. Miyar wake mana, da naman gishiri."

"Ƙarfe nawa kike saukewa?"

"Sha biyu. Kullum."

"Kawu ya taɓa barinta ta huce?"

"Ambrose? Ranar da naƙudar ɗanmu ta kama ni, sai da ya shanye kwanonsa ya suɗe kafin ya kai ni asibiti."

Dulcie ta juyo. "To ka ji. In da injinsa yana da rai har ƙarfe biyu, da sha biyu ta same shi a kan tebur da cokali a hannu. Hazo ko ba hazo. Lamba ta ce sha ɗaya, tukunya ma ta ce kafin sha biyu. Yanzu saura naka. Ni ban san ruwa ba. Ina ya kai shi?"

Eldred ya tsaya ya runtse ido. Na ga leɓensa yana motsi.

"In tun sha ɗaya ne," ya ce, "ruwa ya juya da tsakar rana, ya fara janyewa. Iska kuma daga yamma take. Ya fice daga mashigi. Yana bayan Dogon Hanci, yana gangarawa gabas." Ya buɗe ido. "Hedley, kai shigo jirgina. Jirgi ɗaya ya je dutsen don kore shakka. Sauran duk waje."

Kafin mu bar tasha Dulcie ta riga ta ɗauki waya tana gyara wa masu ceto lokacin, tana faɗa musu da agogonmu da na duniya, kowanne da sunansa.

Muka wuce Dogon Hanci, tsaunin da ya miƙe cikin teku a bakin mashiginmu, ba mu ma gan shi ba, sai ƙarar ruwa a jikinsa. Eldred yakan yi tafiya kaɗan ya kashe inji, mu kasa kunne, ya sake tayarwa. Haka muka yi ta yi. Hasken ya fara yin toka-toka. A wani kashe injin sai muka ji abu daga nesa, kwang, kwang, kwang. Muka bi sautin.

Ga Kawu Ambrose zaune a tsakiyar jirginsa yana dukan tankin mai da sifana. Wata wayar batir ce ta ƙone, ta tafi da inji da rediyo da ɗan gulma lokaci guda. Ya jiƙe sharkaf, leɓensa ya yi shuɗi, hannunsa ya ƙage a kan sifanar sai da na ɓamɓare yatsun. Daga inda muka same shi, in ka ci gaba da gangarawa, babu sauran tudu sai ƙasar Turai.

Muka jawo shi muka naɗe shi da bargo. Haƙoransa na kaɗawa ya dubi Eldred.

"Effie ta rage mini miyar?"

"Tsohon banza," in ji Eldred, yana goge ido da bayan hannu. "Saura ƙiris ka zama abincin kifi, kana zancen miya."

"To ta rage ko ba ta rage ba?"

Da muka iso tasha gari ya fito. Aka yi ta bubbuga kafaɗar Eldred, kuma ya cancanta, don shi ya karanta ruwan. Shi kuwa ya ratsa mutane ya nufi ofis. Dulcie tana zaune tana tsince ganye daga 'ya'yan dajinta kamar ba abin da ya faru. Ya tsaya a ƙofa yana jujjuya hula.

"Ragi ake yi," ya ce.

"A bazara biyu da rabi, a hunturu uku da rabi," ta ce. "Zauna ka sha shayi."

Ya sha. Har ya nemi ƙari. A nan na san abin ya taɓa shi.

Dulcie, ke ce kika tsaya a bakin ƙofa da bokitinki maza goma na huci a kanki, ba ki matsa ba. Ke ce ba ki ce mu yarda da ke don kin yi aji ba, kika kawo shaidar da kowa zai gane, har ni. Ke ce kika san iyakar saninki, kika faɗi naki kika miƙa wa Eldred nasa a gaban jama'a, ba ki bar shi da kunya ba. Tafintar injuna, mai agogo biyu a bango. Ba ki taɓa tuƙa jirgi ba, amma kin dawo da mutum gida.

Tun daga makon nan, duk Asabar ta duniya Anti Effie takan zuba miyar wake a ƙaramar tukunya ta ɗaure da tawul, Kawu Ambrose ya kai wa Dulcie. Yakan ce shi ba godiya yake kaiwa ba, aike ne kawai, in ya ƙi a hana shi tasa.

Yanzu ƙungiya ta sayo sababbin na'urori, an ce su da kansu suke nuna rana da awa, ba sai an juya komai ba. Madalla. Na ji wasu na cewa ashe kujerar ma ba ta da sauran amfani. Ni dai abin da na sani, ranar nan ma waya ta nuna mana awa, da manyan lambobi, muka karanta muka ƙara namu a kai. Na'ura za ta ba ka lokaci, amma ba za ta tambayi Anti Effie abin da ta dafa ba. Don haka wanda duk zai gaji kujerar nan, da ku matasa da kuke ganin aikin ofis ɓata lokaci ne, da mu masu taurin kai, mu ɗauki halin matar nan. In an ba ka magana, tambayi daga ina ta fito kafin ka ɗora taka. In ka gama lissafi, gwada shi da abin da idonka ya sani. Sauri ya haifi nawa, matambayi kuwa ba ya ɓata, ko cikin hazo.

Mun gode, Dulcie. Allah ya ba ki hutu mai daɗi da ƙafar zuwa fadama. Na ji an ce agogonki na biyu za ki bar shi a bango. Ki bar shi, za mu riƙa dubawa.

Shekaranjiya na tarar da Kawu Ambrose a ofis ya dogara da sandarsa, fuska a murtuke kamar an yi masa laifi.

"Yanzu da za ki bar nan," yake cewa, "in Asabar ta yi na same ki ina? Kada in hau tudun nan da tukunya in tarar kin tafi yawon fadama."

"Ina gida, Kawu. Ka zo da sha biyu da rabi."

Tsoho ya gyara tsayuwa, ya dubi bango, ya dube ta.

"Agogon wa?"

"Namu," ta ce. "Kuma kada ka bari ta huce."